Rumbun da Ya Hana Amshi

Na haura arba'in kafin in fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. A makarantar firamaren garinmu ake yi, bayan la'asar. Mukan zauna a kan bencin 'yan makaranta, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Karatun allo na yi shi tun da wuri, amma boko sai a lokacin. Saboda yayana na shiga.

Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. A zamanin da ake gayya a ƙasarmu, shi ke bayar da waƙa. Yana riƙe da garmarsa kamar kowa, yana kan kunyar gaba, sai ya jefa baiti, jama'a su amsa, garemani su sauka tare da amshin. Babu manomin garinmu da ba ya cikin waƙoƙinsa, da gonar kowa, da wanda ya yi abin kirki, da wanda ya ɓuya a gindin ɗorawa har aka kawo kunu. Akwai baitin mahaifinmu, mai tsawo, wanda yakan ajiye sai rana ta take, lokacin da ƙarfin mutane ya fara ƙarewa.

Gayya ta daɗe da mutuwa. Rabon gado ya tsattsaga gonaki har gonar mutum ba ta kai a tara mata jama'a ba, ga maganin feshi ya zo, kuma a shekarun nan babu mai hatsin da zai ciyar da taro. Waƙoƙin suka rage a bakin Yaya shi kaɗai. Da na ji muryarsa ta fara dishewa, sai na ce bari in koyi rubutu in ajiye su a takarda.

Na yi shekara ina koyo, sannan na je masa da littafi da biro. Ya jefa baiti ɗaya, na sunkuya. Ya jefa na biyu da na uku, ni kuwa ina kan kalma ta biyu, ina tunanin ko ƙa mai lanƙwasa ce ko marar lanƙwasa. Ya leƙo littafin ya ce, "Kai ɗan boko, kafin ka gama rubuta garma ai damina ta wuce." Tun daga ranar ya laƙa mini sunan.

A farkon daminar nan muka kai shi asibiti a Kano. Suka ce wani abu ne ya tsiro masa a maƙogwaro, za a yi aiki bayan kaka. Suka kuma gaya mana gaskiya: idan aka yi, da wuya muryar ta dawo. A mota, da muka kusa gida, Yaya ya ce, "To, ɗan boko, an ba ka wa'adi."

Malamin ajinmu mutumin kirki ne, daga wajen Rijiyar Zaki yake zuwa a babur. Na gaya masa damuwata, ya ce, "Malam, ai ba sai ka rubuta ba. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya." Ya nuna mini inda ake dannawa. Ya kuma juya mini wayar ta koma Hausa, don in riƙa gwada karatuna a kanta.

Washegari da hantsi na sami Yaya a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Abokansa biyu suna tare da shi, maƙerin garinmu da wanzami. Su kaɗai suka rage cikin tsararsa da suka yi masa amshi a gona. Ban kira su ba, nan ne wurin zamansu. Na ajiye wayar a kan tabarma, na danna. Yaya ya gyara murya ya ce,

"Wa ke bayana a kan kunya?"

Kafin ya rufe baki su biyun suka ce, "Mu ne, mu ne, kar ka waiwayo."

Daga nan ba a tsaya ba sai da aka kira azahar. Maƙeri yana dukan gwiwarsa, wanzami yana kaɗa kai ido a rufe. Yaya ya bi gonakin garinmu ɗaya bayan ɗaya, daga bakin rafi har iyakar garin gabas. Ya yi baitin mahaifinmu tun daga farko har ƙarshe, har da wani wuri da ni kaina na manta da shi, inda ya ce tsohon yana huɗa har jakinsa ya gaji da jira ya koma gida shi kaɗai. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya ci gaba.

Da na koma gida na kunna, sai raina ya ɓaci. Mu a nan gida yana jingine da gida, gari kuma yana jin kiran sallar gari. Duk abin da kunnena ya saba da shi har ya daina ji, waya ta kwashe shi. Injin niƙa yana gurnani tun daga farko har ƙarshe. Ga akuya, ga babura, ga rediyon maƙwabci, ga wata mata tana faɗa da kajinta. Muryar Yaya tana can tsakiya, siririya, wani wurin sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane abin da ya ce.

Malaminmu ya saurara ya girgiza kai. Ya ce, "Hayaniya ta yi yawa. Waɗannan dattawan ma suna hawa kan muryarsa, ba sa bari ya ƙarasa." Sai ya nuna mini wani bidiyo. Wani mutum ne ya yi ɗan ƙaramin ɗaki, ya manne shi da soso da kwalayen ƙwai, ya shiga ya rufe, muryarsa ta fito tas. Malam ya ce, "Haka ake yi a situdiyo a Kano. Mawaƙi shi kaɗai yake shiga. Amshi daga baya ake ɗorawa. Kai ma za ka iya yi a gida, kayan ba su da wuyar samu."

Ya duba wayar ya ce ta cika, wannan doguwar da na ɗauka ta cinye wuri, sai an cire ta kafin a sami inda za a sa mai kyau. Ya miƙo mini. Kalmomi biyu suka fito. Na tsaya na harhaɗa baƙaƙen da kaina: ɗaya ta ce "Fasa", ɗaya ta ce "Goge". Wannan ne karo na farko da na karanta abu a waya ba tare da an taimake ni ba. Na danna "Goge", na ɗaga kai ina murmushi. Malam ya ce, "Madalla, karatu ya zauna."

Gidana ɗaki biyu ne, babu na uku. Amma akwai rumbun ƙasa na mahaifinmu a tsakar gida, a kan duwatsunsa, da hular ciyawa. Bara ruwa ya ɗauke lokacin da gero yake bununi, taki kuma ya fi ƙarfinmu. Tun bazara na share ƙasan rumbun da tsintsiya. Babu komai cikinsa. Na leƙa ta sama, na yi magana, na ji yadda kaurin ƙasar ya tare ƙarar waje. Na ce ga ɗaki Allah ya ba ni.

Ta sama ake shiga rumbu, Yaya kuwa ba zai iya hawa tsani ba. Dole a fasa ƙofa a gefe. Ranar da na ɗauko diga, mai ɗakina ta fito daga madafi da muciya a hannu.

Ta ce, "Malam, me za ka yi?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Kaka fa tana tafe. Ina za ka zuba?"

Na ce, "Abin da za mu samu bana buhu ya ishe shi."

Ta ce, "Ko babu komai a ciki, ai a rufe yake. Matan da ke shigowa ba su san abin da muke ciki ba. Yanzu kowa zai leƙa."

Gaskiya ta faɗa. Na ce mata saboda Yaya ne, ta koma madafi. Kafin yamma labari ya zagaya unguwa. Masu shigowa ɗiban wuta suka yawaita a ranar.

Ranar kasuwar Ɗambatta na shiga mota, na bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya ina roƙon tsofaffin kwalayen ƙwai. Wani ya ce, "Malam, kajin ne suka riga ka zuwa, ko kai ka riga su?" Wani ya ce in sha shayi tukuna, kada a ce ya ba baƙo kwali ya hana shi ruwan zafi. Na ɗaure su da igiya na ɗora a kai. A mota kwandasta ya so ya ce kujerar mutum guda suka cinye.

Ƙusa ba ta kama ginin ƙasa da kyau, tana ɓarar da shi. Sai na je na saro ƙayar aduwa, doguwa, na riƙa soke kwalayen da ita a jikin bango. Har yanzu akwai tabonta a yatsuna. A bayan kwalayen na jera buhunan taki na shekarun baya, na cusa musu tsumma. Soso kuwa ba ni da shi sai tsohuwar katifar da aka kawo mai ɗakina da ita. Na tambaye ta, ta ce, "Ɗauki." Ta tsaya tana kallo ina yanka ta da wuƙa gida huɗu. Na saƙa ƙyaure da kara, na lulluɓe shi da bargo. Malam ya ara mini ɗan ƙaramin makirufo mai igiya, ya ce a sa wani abu mai raga a gabansa don kada iskar baki ta buge shi. Na ɗauki rariyar gari, na ɗaura mata tsohon ɗankwali, na rataye ta da zare.

Da na yi niyya, da mako guda ya isa. Amma damina ce. Ƙasar da na yaɓe bakin ƙofa da ita ta ƙi bushewa. Kwalaye suka sha laima suka yi laushi, na sauke su na shanya. Gara ta shiga ta cinye gefen gabas, na sake komawa Ɗambatta. Malam ya ce in shiga in tafa hannu, idan na ji sautin ya dawo mini, to aiki bai gama ba. Kullum na dawo daga gona sai in shiga in rufe in tafa. In ce da mai ɗakina ta buga taɓarya a turmi, in kasa kunne. Idan na ji ko da kaɗan ne, ko na jiyo injin niƙa daga nesa, sai in fito in nemi inda yake shigowa in toshe.

Mutane sun sha yabona da haƙuri. Tun ina ƙarami ake cewa wane ba ya gaggawa, abin da ya kama sai ya ga bayansa. Na yarda da wannan yabon, har na ɗauka duk aikin duniya haka yake so.

Duk ranar da na biya ta ƙofar gidan Yaya sai ya ce, "Ɗan boko, an gama ginin fadar?"

In ce, "Saura kaɗan, Yaya."

Wata rana ya riƙe hannuna ya ce, "Kawo wayar nan mu yi a nan. Yau ina jin maƙogwaron ya ɗan saki."

Na ce, "Nan akwai hayaniya. Ka ƙara haƙuri, idan aka gama za ka ji muryarka kamar a rediyo."

Ya ce, "Ni ban ce ina son rediyo ba."

Sau uku yana yi mini wannan maganar a makonni daban-daban. Kowane karo muryar ta fi ta baya ƙanƙanta, ina ji da kunnena. Amma sai in ce a raina, ai shi ya sa ma ake buƙatar ɗakin, ƙaramar murya ba ta jure hayaniya.

Sai da gero ya fara nuna na ce an gama. Na shiga na tafa, sautin ya mutu a hannuna. Na sa aka daka a waje, ban ji komai ba. Na aika wa Yaya cewa gobe da hantsi.

Su uku suka zo. Wanzami ya yi musu aski dukansu, sun sa rigunan Juma'a. Maƙeri ya riƙo wani tsohon bakin garma da guntun ƙarfe, ya ce zai riƙa bugawa a madadin saukar garemani. Suka yi sallama suka shigo tsakar gida suna tsokanar juna.

Yaya ya hangi ƙofar da na fasa. An gaya masa, amma bai taɓa gani ba. Ya tsaya ya daɗe. Ya shafa jikin rumbun ya ce, "Ni na ɗebo ƙasarsa a kan jaki."

Wanzami ya sunkuya ya leƙa ciki ya ce, "Kai! Nan za mu shiga mu uku? Wannan ƙaton maƙerin shi kaɗai ai ya cika shi. Sai dai in hau kafaɗarsa."

Maƙeri ya ce, "Ka hau mana, in ka ga na sauke ka lafiya."

Na ce, "Ku yi haƙuri, ai Yaya ne kaɗai zai shiga."

Suka dube ni.

Wanzami ya ce, "Mu fa? Gadin takalmansa za mu yi?"

Na ce, "Naku amshin daga baya za a ɗora. Haka ake yi a Kano."

Ya ce, "A ɗora mu? Kaya ne mu?"

Maƙeri ya ce, "To, mu zauna nan bakin ƙofa, yana bayarwa muna amsawa."

Na ce ba zai ji su ba, don na toshe ko'ina. Na kuma ce, kuma wannan ita ce maganar da har yau nake jin nauyinta, gara su koma zaure, don kada tari ko hira ta shiga ta ɓata aikin. Na faɗe ta a hankali, da ladabi. Maƙeri ya dubi bakin garmar da ke hannunsa, ya sa shi a hammata. Wanzami ya ce da Yaya, "To, mutumina, a fito lafiya." Suka nufi zaure.

Yaya ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini, ya durƙusa ya shiga da rarrafe. Na sa masa kujera 'yar tsugune, na kunna tocila na soke ta a jikin kwali, na gyara rariyar daidai bakinsa. Ciki yana warin tsohon hatsi da ƙarnin ƙwai. Na danna wayar, na fito, na ja ƙyaure na toshe gefensa da tsumma.

Na tsugunna a waje na manna kunne. Ban ji komai ba. Na yi murna, na ce lallai aiki ya yi kyau. Har na waiwaya ina neman idon mai ɗakina don ta gani.

Ba a daɗe ba na ga ƙyauren yana motsi. Na buɗe. Ya fito sharkaf da gumi, yana tari, idanunsa sun yi ja. Ya zauna a ƙasa ya jingina da dutsen rumbun. Na ba shi ruwa. Na ɗauko wayar na kunna.

Ban taɓa jin murya ta fito haka ba. Kamar bakinsa yana cikin kunnena. Ya ce, "Wa ke bayana a kan kunya?" Sai shiru. Ana jin numfashinsa. Ya sake cewa, "Wa ke bayana a kan kunya?" Shiru. Ya wuce baiti na biyu, ya tsaya. Ya yi na uku, ya tsaya ya daɗe. Ya fara na huɗu ya saki a tsakiya, ya koma na biyu. Sai ya ce, ba da muryar waƙa ba, "Kuna nan?" Bayan wannan sai tari, da ƙarar hannunsa yana laluben ƙofa.

Na ce, "Yaya, ai ba ka yi nisa ba. Ka huta mu sake."

Ya ce, "Ɗan boko, kai a gona ka girma ko a ina?" Da ƙyar maganar take fita. Ya ce, "Lokacin da suke amsawa nake shan iska. Lokacin nake nemo baitin gaba. Ni ban haddace su kamar karatu ba. Amshin ne ke miƙo mini. Ka kore su, wa zai miƙo mini?"

Na sani. Na yi masa amshi da bakina ina saurayi, shekara da shekaru. Ban san yadda aka yi na kalli bidiyon wani mutum na manta da abin da na sani ba.

Na ruga zaure, babu kowa. Na bi maƙeri maƙera, ya ce bayansa ya riƙe, ba zai iya fitowa ba. Bai ɗago ya dube ni ba, yana ta zuga wuta. Na sami wanzami yana wasa askarsa. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ai ba komai. Ka ce daga baya za a ɗora mu, to ga bayan nan, sai gobe." Na ce to, gobe, a gindin darbejiya, yadda aka yi da farko.

Gobe ta yi, Yaya ya kwana da zazzaɓi. Tsohon ƙaiƙayin da ya maƙale a bangon rumbun shekara da shekaru, wanda na tayar da soke-sokena, shi ya shaƙa cikin zafin nan. Maƙogwaron ya kumbura, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Ya yi kwanaki a kwance. Da ya tashi, abin da ya rage masa raɗa ce kawai, sai ka kai kunne bakinsa.

Duk da haka mun gwada. Abokansa suka zo, fushinsu ya wuce da suka ga halin da yake ciki. Muka zauna a gindin darbejiya, na ajiye wayar a tabarma. Ya buɗe baki, iska ta fito. Su biyun suka amsa, don sun san abin da ya ce. Ya sake buɗewa, tari ya sarƙe shi. Ya ɗaga hannu ya yi alamar a bari. Maƙeri ya juya fuska yana kallon hanya. Babu wanda ya ce mini komai, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na je wurin malaminmu na ce, wadda muka goge fa, ko ana iya dawo da ita? Ya ɗauki wayar ya tafi da ita Kano wurin masu gyara, ya yi kwana biyu yana yawo da ita. Ya dawo ya ce an riga an ɗora wasu abubuwa a kanta, tafe-tafen hannuna ne da nake ɗauka ina gwada ɗakin. Ya ba ni haƙuri har idonsa ya kawo ruwa. Ban riƙe shi a raina ba. Abin da ya sani ya gaya mini, shi bai taɓa riƙe garma a gayya ba.

Bayan kaka aka yi aikin. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya dawo gida, amma muryar ta tafi kamar yadda suka faɗa. Cikin ranin nan maƙeri ya rasu. Wanzami kuma zama ya gagare shi a gari, ya koma wurin ɗansa da ke noman rani a Watari.

Na daɗe ina juya maganar malam cewa amshi daga baya ake ɗorawa. Na ce ko baiti huɗun nan ne, a cika su, ya zama akwai abin da ya saura. Na gaya wa Yaya zan je Watari. Ya ɗaga kafaɗa.

Na sami wanzami a bakin lambu, a inuwar wata 'yar rumfa, yana tsince ruɓaɓɓen tumatir daga kwando. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi mutuminsa, ya tambayi mutanen gari gida-gida. Ya ce, "Ka ga yadda na koma? Da kawunan manya nake riƙewa, yanzu tumatir." Na gaya masa abin da ya kawo ni. Na aro wayar ɗansa don in ɗauka da ita, na kunna tawa.

Da ya ji muryar, hannunsa ya tsaya a cikin kwando. Yaya ya jefa baitin farko. Wanzami ya buɗe baki, amma ya makara, ya shigo a tsakiyar shirun. Na ce mu sake. A karo na biyu ya yi sauri, ya rufe rabin baitin. A na uku ya fara daidai, sai muryarsa ita kaɗai ta ba shi kunya, ya saki.

Ya ce, "Kashe."

Na kashe.

Ya ce, "Ba zai yiwu ba. Ni ban taɓa jira ya gama ba. Kafaɗarsa nake kallo, idan ta ɗaga na san zai sauke, sai mu shiga. Kuma ni nake sama, maƙeri yana ƙasa yana riƙe da ni. A nan me zan kalla?"

Na ce, "Ko sau ɗaya ne mu ƙara gwadawa, na ga saura kaɗan."

Ya ce, "Kai dai kullum saura kaɗan." Ya ci gaba da tsintar tumatir. Can ya ce, "Kuma wannan da ka ɗauka ai ba waƙa yake yi ba. Nemanmu yake. Muna zaure a lokacin, mun daɗe a zaune kafin mu tafi. Da ka buɗe ƙofar ka kira mu da mun zo."

Ya zaɓi tumatir masu kyau da albasa ya ƙulla a leda, ya ce in kai wa mutuminsa, in ce masa gashinsa ya jira shi, kada ya bari wani ya taɓa masa kai.

Na iso gida bayan la'asar. Yaya yana ƙofar gida yana tufka igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafarsa. Na ajiye ledar, na isar da saƙon aski. Ya yi dariyarsa marar sauti. Sannan ya buɗe tafin hannu yana tambaya. Na girgiza kai. Na ciro wayar na ɗora masa a hannu, ko zai so ya ji. Ya jujjuya ta, ya miƙo mini abata ba tare da ya kunna ba. Ya zare bakin igiyar daga yatsansa ya ba ni, ya nuna mini in matsa baya in ja. Na matsa na ja, ya ci gaba da tufka.